Na gayyaci malam-buɗe-littafi, ya turo mini 'ya'yansa

Ni dai burina bai taka kara ya karya ba. So nake idan kaka ta shigo in zauna a inuwa da hantsi, malam-buɗe-littafi yana shawagi a kaina, tsuntsaye suna 'yan koke-kokensu a gefe. Na ji an ce a ƙarshen shekarar noma furanni ke ƙaranci, ƙwarin da ke shan ruwan fure kuma suna cikin nema, saboda haka duk wanda ya shuka abin da zai buɗe a lokacin, baƙi za su zo masa ba sai ya aika ba.

Sai na samo iri huɗu: ziniya, kosmos, marigol da sanfulawa. A bayan takardar ziniya an rubuta cewa cikin kwana 60 zuwa 70 take fure. Na ƙirga da yatsu, na shuka, na sanar da mutanen gida su shirya ganin abin mamaki.

Son abin ne ya fara kai ni ya baro. Na dinga zuba kashin kaji kamar mai neman gafara. Kosmos ta miƙe ta wuce kafaɗata, ganye kore shar, fure ko na magani babu. Ashe ita ba ta son gata. In taki ya yi mata yawa ganye take zubawa ta manta da fure, kuma ta fi sakin jiki idan dare ya fara tsawo. Wata safiya matata ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Maigida, wannan ciyawar da kake ba ruwa safe da yamma, akuya za ka saya mana ne?"

Marigol ta yi fure, amma ni da iyayina na zaɓi irin nan mai cunkushe kamar gammo. Ƙudan zuma ya sauka, ya zagaya, ya rasa ƙofa, ya tafi. Irin waɗannan an ƙirƙire su ne don idon mutum, garin furensu kaɗan ne, ruwan zaƙin kuma ya ɓuya cikin ganyen fure. Mai buɗaɗɗiyar fuska suke so, wadda za su sauka a kai kamar faranti.

Ana nan, rannan na ga kashin tsuntsu a ganyen ɗan lemun tsamin da ke kusurwa. Murna ta kama ni. Na kira kowa na ce ga shaida, tsuntsaye sun fara zuwa, kunya ce kawai ta hana su bayyana. Muna tsaye muna kallo sai kashin ya motsa. Ya ɗaga kai ya ci gaba da cin ganyena.

Tsutsa ce. Na duba ƙasan ganye na ga wasu, manyan cikinsu sun zama kore, kauri kamar ɗan yatsa. Na taɓa ɗaya da tsinke, ta fiddo wasu ƙahoni biyu masu ruwan lemo tare da wani wari da ya sa na ja da baya. Raina ya ɓaci. Na ɗauko gwangwani na tsince guda 14, na juye wa kaji, suka yi mini godiya irin tasu. Da yamma na dawo da kwalbar maganin ƙwari don in gama da sauran.

A bakin ƙofa 'yata, wadda ke aji huɗu a firamare, ta tare ni. "Baba, ina tsutsotsin nan?" Na ce na kawar da su, lambun nan na malam-buɗe-littafi ne, ba na tsutsa ba. Ta kalle ni kallon tausayi. "Baba, ai su ne." Ta zayyano mini yadda aka koya musu: ƙwai, tsutsa, sai ta rataye kanta cikin kwanso kamar mako biyu, sai ta fito da fukafukai. Wato wata uku ina shara da shimfiɗa, da baƙin suka turo 'ya'yansu na ba kaji. Na tura kwalbar can bayan buhun takin, ban sake bi ta kanta ba. Da na fesa ma da har ƙudan zuma sun tafi.

Su kam sun zo, da sanfulawa ta buɗe. Ɗaya ce ta fara leƙowa, ta koma gida ta yi rawar nan da suke nuna wa juna hanya, washegari ga dangi kaf. Na ajiye musu ruwa a kwano mai zurfi, biyu suka nutse, sai na zuba tsakuwa don su sami wurin tsayawa. Ladan da na samu shi ne ranar da na kai hanci in shinshina fure ban yi sallama ba. Leɓena na sama ya kwana uku yana riga ni shiga ɗaki. Matata tana kankare mini ƙarin tana cewa, "Haƙuri za ka yi, kai ka ce baƙi kake so."

Tsuntsaye kuma sai da kan sanfulawa ya bushe suka iso, suka nufi babban da na keɓe don irin baɗi. Na kafa sanda na rataya tsohuwar rigata. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wai kiransu kake yi ko korarsu?" Ban amsa ba, don a lokacin akwai guda biyu zaune a kafaɗar rigar.

Malam-buɗe-littafi ya zo daga ƙarshe, babba, baƙi mai ɗigon rawaya. Na riƙe numfashi. Ya wuce ziniya, ya wuce kosmos da ta fara buɗewa, ya sauka a taɓon da ke ƙarƙashin famfonmu mai yoyo, yana tsotsar gishirin ƙasa. Bayan kwana biyu wata ta zo ta tattaka ganyen lemun, don da ƙafa suke ɗanɗano, ta ajiye ƙwai ta yi gaba.

Yanzu tsutsa tara ce a bishiyar, ganyen ya kusa ƙarewa. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta 'yata tana ƙirga su, in ta dawo ta sake ƙirgawa. Jiya ta samu takwas, ta zo ta tsaya a gabana ta ce in buɗe hannuna.