Gaskiyar ɗan kasuwa da gaggawar sarki a adabin Tamil

A bakin kogin Kaveri, a kudancin Indiya, an yi wani birni mai tashar jiragen ruwa da ake kira Puhar, ko Kaveripattinam. Wani mawaƙi ya tsara masa waƙa da Tamil, harshen mutanen yankin, mai layi 301, Pattinappalai, domin yabon Sarki Karikala na daular Chola. A cikinta za ka ga dawakai suna sauka daga jirage, masoro na shigowa a amalanke, ga lu'ulu'u daga tekun kudu da murjani daga tekun gabas, ma'aikatan fito kuma suna buga wa kaya hatimin damisa, tambarin sarautar Chola.

Da ya zo kan 'yan kasuwa, sai mawaƙin ya kamanta su da turken da ke tsakiyar karkiyar shanun huɗa, wanda bai karkata ga wannan sa ko wancan ba. Ya ce ba sa karɓar fiye da haƙƙinsu, ba sa tauye mudu, suna riƙe kayan wani kamar nasu, kuma suna faɗin ribarsu a fili. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗan kasuwa nawa ne zai iya ce wa mai saye ga uwar kuɗi, ga abin da na ɗora?

Sai dai ni ban ɗauki waƙar a matsayin shaidar yadda kasuwar Puhar take ba. Waƙar fada ce, kuma mun san mawaƙin fada ba ya ganin ƙazanta a garin ubangidansa. Abin da ta tabbatar shi ne halin da mutanen suke yabo. Shi ma littafin Tirukkural, mai baiti 1,330, a babin adalci ya sanya maganar ɗan kasuwa, kusa da misalin sikelin da ke daidaita kafin a ɗora masa kaya. Wato a wurinsu mai awo da mai shari'a aiki ɗaya suke yi.

Inda na ga adabin ya fi faɗin gaskiya shi ne labarin Silappatikaram. Kovalan ɗan attajirin Puhar ne da ya ƙarar da dukiyarsa a kan wata mai rawa, ya dawo wurin matarsa Kannagi hannu rabbana. Suka nufi birnin Madurai na daular Pandya don ya sayar da munduwar ƙafarta ɗaya ya samu jari. Maƙerin zinariyar fada, wanda shi ne ya sace munduwar sarauniya, ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Sarkin Pandya bai bincika ba, ya ba da umarni, aka sare Kovalan.

A ranar nan Kovalan bai cuci kowa ba, kayan halal ya kai kasuwa, amma hakan bai hana a kashe shi ba, domin mai hukunci ya saurari na kusa da shi ya ƙyale baƙo. Masu ɗauko waɗannan rubuce-rubuce don yi wa 'yan kasuwa wa'azi kaɗai suna tsallake rabin da ya shafi masu mulki.

Kannagi ta shiga fada ta tambayi sarki abin da ke cikin munduwar matarsa, ya ce lu'ulu'u. Ta fasa wadda aka ƙwace a hannun mijinta, sai ga jan yaƙutu ya tarwatse a gabansa. Nan take sarkin ya faɗi matacce a kan karaga.