Gajeren labari ba gwajin alƙalami ba ne

Malam mai rahoto, ban yarda da cewar da ka yi matasan marubutan Amurka suna rubuta gajeren labari ne don kawai su koyi hannu kafin babban littafi ba. Jhumpa Lahiri fa da tarin gajerun labaranta na farko ta ci Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 2000. Wannan koyon hannu ne? Abin da ka manta shi ne mujallu. The New Yorker kusan kowane mako tana buga labari guda, kuma tana biyan marubuci kuɗi. A 2010 ta zaɓi marubuta 20 'yan ƙasa da shekara 40, har da Chimamanda Adichie tamu. Yawancin irin waɗannan matasa ta jami'o'i suke biyowa, musamman ta Iowa.