Ranar da Shafukana Suka Hau Bango

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, saboda haka ni aka ɗora wa karanto lissafin kuɗin gyaran magudanar ruwa a taron ƙarshen shekara. Domin kada a ce an ɓoye wani abu, shugaba ya aro majigi da lasifika, aka ce a haska lissafin a bango kowa ya gani da idonsa. Jadawalin yana ajiye ne a intanet, ta burauza, wato manhajar shiga intanet, ake buɗe shi, tawa kuwa a kullum cike take da shafuka, domin in na buɗe ɗaya ba na rufewa, sai dai in ƙara masa maƙwabci.

Kafin a buɗe taro da addu'a, ɗan ƙanena ya leƙo ya ce, "Baba, ai dattawa za su karanta sunayen shafukan nan naka da ke jere a sama." Ya danna wani abu da yatsu biyu, nan take layin shafukan da wurin rubuta adireshi suka ɓace, jadawalin ya cika bango. Ya bayyana mini cewa maɓallin F11 ne ke yin wannan aiki a Chrome da Firefox da Edge a kan Windows, masu Mac kuwa Control da Command da F suke haɗawa. Na sa masa albarka, na ba shi kuɗin awara, ya koma can baya ya zauna.

Ina cikin bayanin kuɗin siminti sai kalangu ya ɓarke a lasifika. Wani bidiyon dambe ne da na buɗe tun da rana, ya tsaya yana juyi saboda rashin sabis, sai ya ga babu lokacin da ya dace ya tashi kamar lokacin da Liman ke gyara tabarau yana duba lissafi. Da layin shafukan yana nan, da aikin bai wuce ƙiftawar ido ba, domin burauza takan sa 'yar alamar lasifika a kan shafin da sauti ke fitowa daga gare shi. Amma cika allo sunayen kawai yake ɓoyewa, shafukan suna nan da ransu, kamar wanda ya lulluɓe akurki da zane alhali zakara na ciki yana cara.

Na danna maɓallin Esc, babu abin da ya motsa, domin aikinsa fitar da bidiyo ne daga cika allo, ba burauza ba. Na tura linzamin kwamfuta can ƙuryar sama, saboda na taɓa gani a Firefox layin yakan sauko da kansa in an yi haka, amma tawa alamar X ce kaɗai ta leƙo, ni kuwa ban ga dalilin amincewa da ita a gaban jama'a ba. Sai na tuna F11, na danna shi da ƙarfin hali. A kwamfutata ashe maɓallin aiki biyu yake yi, in ba a haɗa shi da Fn ba ƙara sauti yake, wannan ne kuma sirrin yatsu biyun yaron. Maroƙin ya ƙara ɗaga murya yana zuga ɗan damben.

Wani matashi ya ce, "Malam Sakatare, danna Ctrl da Tab ka nemo shi!" Shawarar daidai ce, domin haɗin yana wucewa daga shafi zuwa na kusa da shi. Abin da bai faɗa ba shi ne, kowane shafi zai fito ne da girman bango. Farashin raguna ya fito, aka yi shiru. Filin sayarwa a bayan gari ya fito, sai na ji wani ya yi gyaran murya, ga shi kuwa kuɗin jama'a muke lissafi. Na uku shi ne ya gama da ni, wato bayanin yadda ake tsiro da gashi a kan sanƙo, da hotuna kafin da bayan magani. Cikin sauri na danna Ctrl da W don in rufe shi, na sake dannawa, na rufe har da lissafin magudanar ruwa. Sai ga damben ya fito, ya cika bango tsaf.

Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan kashe." Ya ce tun da an riga an fara, a bari a ga wanda zai kai ƙasa. Bayan an yi kisa ne yaron ya taso ya haɗa Fn da F11, layin ya dawo, sa'an nan ya yi ta danna Ctrl da Shift da T har lissafin ya farfaɗo, tare da sanƙon. Aka amince da lissafi babu jayayya, bayan na rantse cewa filin kallonsa kawai nake yi.

Ana watsewa ma'aji ya ja ni gefe, ya waiwaya hagu da dama, ya ɗan ɗaga hularsa, ya ce in turo masa adireshin shafin nan na uku.