Kamfanin da ba a iya faɗa wa oga gaskiya

Masu zuba jari kan duba riba da bashi idan za su auna kamfani. A ganina akwai tambayar da ta riga waɗannan: idan ƙaramin ma'aikaci ya ga ɓaraka, zai iya buɗe baki ba tare da tsoron rasa abincinsa ba?

Boeing, kamfanin ƙera jiragen sama na Amurka, ya ishe mu misali. A Oktoban 2018 jirgin Lion Air ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗa teku a Indonesiya, mutum 189 suka rasu. Bayan wata biyar irinsa na Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Addis Ababa ɗauke da mutum 157, cikinsu har da ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. An ɗora laifin kan manhajar MCAS, wadda ke danna hancin jirgi ƙasa, aka kuma sayar da jiragen ba tare da an yi wa matuƙa bayaninta ba.

To amma mutane ne suka zaɓi yin shiru. Tun kafin hatsarin farko wani manaja a masana'antar Boeing da ke garin Renton, Ed Pierson, ya gargaɗi shugabanni cewa ma'aikata sun galabaita, ana ta gaggawar fitar da jirage, ya nemi a dakatar da aiki. Ba a dakatar ba. Rahoton kwamitin majalisar wakilan Amurka na 2020 ya tabbatar da wannan matsin lamba da ɗabi'ar rufa-rufa.

Gaggawar ba ta haifi ɗa mai ido ba. Jiragen 737 MAX sun yi kusan wata 20 an hana su tashi, kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a 2021, kuma daga 2019 zuwa 2024 kowace shekara da asara ya rufe ta. A Janairun 2024 ma wani murfin ƙofa ya fizge daga jirgin 737 MAX na Alaska Airlines a sararin sama, saboda an bar shi babu kusoshi huɗu da ke riƙe shi.

Wasu za su ce gasa da Airbus, kamfanin jiragen sama na Turai, ce ta jawo. Gasar gaskiya ce, sai dai Toyota ma na da abokan gasa, duk da haka ya rataya igiya a layin haɗa motoci wadda kowane lebura zai iya ja idan ya ga kuskure, shugabansa ya zo da sauri, in ta kama a tsayar da layin. Kuma ba a tsangwamarsa don ya ja.

Shi ya sa nake so hukumar gudanarwar kowane kamfani ta riƙa neman wani lissafi a kowane zama: ƙorafi nawa ya fito daga ƙasa, nawa aka gyara, kuma ina wanda ya kawo shi yake yanzu.