Awon Gini A Kwamfuta Ba Ya Amfani In An Kulle Shi A Ofis

Ranar 15 ga Afrilun 2019 wuta ta kama majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris, ta lashe rufin katakon da ya kusa shekara 800, hasumiyarta ta rikito jama'a na kallo. A Disamban 2024 aka sake buɗe ta.

Cikin abubuwan da suka taimaka wajen gyaranta har da aikin Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine a kwalejin Vassar ta Amurka. Ya bi majami'ar lungu-lungu da na'urar awo mai hasken laza, ya tattara ɗigon awo sama da biliyan ɗaya, kowane ɗigo na nuna ainihin matsayin wani wuri a jikin ginin. Ya rasu a 2018, bai ga gobarar ba.

Sai dai a ganina ana yawan zuzuta na'urar a manta da abin da ya fi muhimmanci. Tarin ɗigo ba ya gaya wa kafinta wane irin itace ne a wuri kaza, ko yaushe aka taɓa gyara wani bango. Sai da aka gina samfurin majami'ar a kwamfuta, aka liƙa wa sassanta bayanansu, sannan cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, ta tara hotuna da awo da sakamakon bincike wuri guda, inda masana daban-daban ke shiga su ɗiba su kuma ƙara.

Mu da muke da ginin ƙasa, buƙatarmu ta fi tasu. Dutse na iya yin ƙarni bai sauya ba, amma hasumiyar Gobarau a Katsina, da ganuwar Kano, da masallacin Agadas, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. Yaɓen bana ya rufe na bara, tsohon maginin da ya san inda azara ta ruɓe kuwa in ya kwanta dama ya tafi da saninsa.

Wani zai ce kuɗin awon gara a sayi ƙasa da ciyawa a yi yaɓe. Da gaskiyarsa, in har awon zai ƙare a kwamfutar wani ɗan kwangila. Shi ya sa nake ganin duk yarjejeniyar awo ta fayyace wanda zai riƙe bayanan, ta tilasta a ba hukumar gidajen tarihi da jami'o'i da masarauta kwafi, a kuma zauna da Sarkin Magina a rubuta abin da ya sani a jikin kowane bango.