Wa zai yi wa tiya zanga-zanga?

Kakar da ta wuce na je gaida kawuna a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, na tarar ana loda masa buhunan gero a amalanke. Ko ƙaiƙayin sussuka bai gama barin jikin matan gidan ba. Na ce, "Kawu, ba ka bari farashi ya ɗaga?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗana, wanda ya ba ni bashin taki da na cefanen damina ba zai jira farashi ba." Ni da shi duk mun san sauran labarin. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, zai dawo kasuwa ya sayi geron nan nasa tiya-tiya, da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba.

In an ce jari-hujja, hankalin 'yan bokonmu kan tafi Amurka, wurin matasan da suka kafa tantuna kusa da Wall Street a 2011 suna cewa su ne kashi 99 cikin ɗari. Ni kuwa a ganina ba sai mun yi nisa ba. Tsarin yana nan tsakanin rumbun kawuna da mangazar mai kuɗi: wanda ke iya jira shi ke cin riba, wanda bashi ya shaƙe shi ke biya.

Mun taɓa ganin abin ƙuru-ƙuru a 2005. A watan Maris na shekarar, ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa, Nuhu Arzika na cikin jagorori, suka tashi tsaye saboda gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin TVA, wato harajin da ake ƙarawa kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta. Aka yi jerin gwano a Yamai, aka yi ranakun zaman gida, kasuwanni a rufe, aka kama shugabannin. Kafin Afirilu ya ƙare gwamnati ta sauko, ta janye harajin daga yawancin kayan. Nasara ce, ba mai musu.

To amma 'yan watanni bayan nan, a Maraɗin nan, cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta cika maƙil da yara masu tamowa, alhali buhunan hatsi na jibge a kasuwa. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, gaskiya ne, sai dai abin da ya kayar da talaka shi ne farashi. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka daɗe suna jan ƙafa kan rabon abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa, sai dai a sayar da rahusa ga wanda ko dala ba ya da ita. Birane ba su tsaya cik saboda wannan ba kamar yadda suka tsaya saboda TVA. Harajin wuta ya taɓa mai mita, mai albashi, mai rediyo a kusa. Matar da ta goyo yaro daga ƙauye da ƙafa ba ta da ƙungiya.

Ba ina rena masu fita titi ba ne. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 su suka buɗe hanyar taron ƙasa na 1991, kuma a Maris na 2018 Arzika da takwarorinsa na farar hula Musa Cangari da Ali Idrisa sun shiga kaso saboda adawa da dokar kasafin kuɗi. Ƙorafina shi ne kullum yatsa na nuna fadar gwamnati, ba ya juyowa cikin gari. Ya fi sauƙi a zagi Bankin Duniya, wanda tsare-tsarensa na shekarun 1980 suka rage wa OPVN, hukumar gwamnati mai saye da ajiye hatsi, ikon daidaita farashin cimaka, da a tambayi Alhajin unguwa dalilin da mangazarsa ke kulle har sai tiya ta yi tsada. Shi ne fa ya gina masallacin, shi ke raba shinkafa da azumi.

Fatauci ba laifi ba ne, da shi Maraɗi ta zama Maraɗi tun zamanin gyaɗa. Amma malamanmu sun san hukuncin ɓoye abinci don ya yi tsada, ina ma ana jin sa a huɗuba kamar yadda ake jin maganar suturar mata.

Ko matakin da gwamnati ta ɗauka a Oktoban 2024 na hana fitar da hatsi waje mai saye ya duba. A kaka wa ke sayarwa? Abin da zai cece irin su kawuna shi ne a ba shi lamuni ya ajiye geronsa jingina a mangazar ƙungiyar manoma, tsarin warantaj da wasu ƙauyuka suka daɗe da sani, kuma OPVN ta sayi nata a hannun manomi tun yana sussuka. Ban taɓa ganin an rubuta wannan a kwalin zanga-zanga ba.

Da amalanken ya tashi, na leƙa rumbun. Abin da ya rage ba zai kai su shuka ba.