Auna yawan ruwa bai isa ba, a riƙa auna zafinsa

A shekarun 2014 da 2015, lokacin da fari ya tsananta a jihar Kalifoniya ta Amurka, fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙwai da ƙananan 'ya'yan wani nau'in kifin salmon na Kogin Sakramento sun mutu. Kogin kuwa bai ƙafe ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ruwan sanyin da ke ƙasan madatsar Shasta, wanda ake saki domin kada zafin kogin ya wuce wajen digiri 13 a ma'aunin Selsiyos. Tun 1997 madatsar take da ƙofofin zaɓen zurfin da za a ɗebo ruwa, amma ƙofa ba ta sanyaya ruwan da ya riga ya ɗumama.

Mai kula da kogi da ya san yawan ruwa kawai, rabin aikinsa ya sani. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita. A digiri 30 abin ya sauko zuwa wajen 7.5, a daidai lokacin da jikin kifi yake ƙara buƙatarta. Idan ciyayi da gansakuka suka zuƙe sauran iskar cikin dare, da asuba ake tarar da kifi a saman ruwa yana haki. Sauyin yanayi kuma yana ƙara yawan irin waɗannan ranaku.

Awon bai da tsada. Akwai 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, mai ajiye bayanin zafi da kanta tsawon watanni. Kafin a kai ta kogi, a tsoma ta a ruwan da aka cika da ƙanƙara, a tabbatar ta nuna sifiri. A saita ta ta riƙa ɗaukar awo duk minti 15 ko 30, domin awo guda a rana ba ya kama ƙololuwar zafin la'asar. A saka ta cikin guntun bututun roba mai ramuka, a ɗaure da waya a jikin dutse ko ƙafar gada, inda ruwa yake tafiya, a zurfin da ba zai fito fili da rani ba.

Nan ne aka fi yin kuskure. Na'urar da rana ke duka kai tsaye tana ƙara zafin da babu shi. Wadda yashi ya binne tana nuna dare da rana kusan ɗaya. Wadda ruwa ya janye ya bari tana auna iska ne, lissafinta ya riƙa hawa da sauka da yawa, shi ya sa ake rataye wata a inuwar gaɓa domin kwatanci. Wajen fassara, matsakaicin wata yana ɓoye haɗari. Mafi zafin kowace rana ake ɗauka, a fitar da matsakaicinsa na kwana bakwai a jere.

Karfasa da tarwada sun fi salmon jure zafi nesa ba kusa ba, amma ƙarancin iska yana kashe karfasa, sanyin hunturu kuma yana rage mata ci. Kogin Hadeja a yau ruwan da madatsun Tiga da Challawa suka saki ne mafi yawansa, shi yake isa fadamun Hadeja da Nguru. Ruwan ƙasan madatsa yakan fi sanyi, amma iskarsa kaɗan ce, saboda haka igiyar na'urori daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a kowace mita biyu, ta zama dole a kowace madatsa.

Abin da nake kira gare shi shi ne a ɗaura awon da hukunci tun kafin Maris: a rubuta cewa idan zafin wuri kaza ya kai iyaka kaza, za a ƙara sakin ruwa, a taƙaita jan ruwa da injin a kwanakin, a kuma sanar da sarkin ruwa da masunta. Inda awon ya nuna ƙananan rafuka suna zafi da sauri, nan za a fara dasa itatuwa a gaɓa.